Ladin da Basira Ta Goge

Duk wanda ya taɓa shiga buron taimakon jama'a a Matameye ya san Basira Sa'adu, doguwar nan mai tabarau da ba ta gaggawa ko da layi ya kai bakin titi. Abokan aikinta suna tsokanarta, wai sai ta gaisa da kowane suna kafin ta wuce shi. To, su yi ta faɗa. Ba su san abin da ke zaune mata a ƙirji ba.

Da can ba haka take ba. Basira ta tashi da haushin takarda. Ubanta ya tafi ci-rani Legas tana da shekara tara, bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ya mutu. Uwarta ta yi shekara biyu tana yawo da leda cike da takardu. Wannan buro ya ce kawo foto huɗu, wancan ya ce sai da shaidar maigari, na uku ya ce shaidar ta tsufa, a sake wata. Tambaya iri ɗaya ake mata a ko'ina, amma kowa sai ya rubuta tasa. Kai, wannan wahala! Basira ta gama karatun lakkol ba ta manta da ledar nan ba.

Shi ya sa ranar da shef ɗinsu Hamisu, shugaban buron, ya ce za a haɗe listocin taimako uku su koma ɗaya, mutum ya rubuta sunansa sau ɗaya ya huta, ita ta fara cewa a ba ta aikin. Abin da za ta yi shi ne cire duk sunan da ya fito sau biyu. Kuma wallahi aikin ya yi amfani. Tsofaffi sun daina kashe yinin gona suna bin buro-buro, har addu'a ake mata a kasuwa.

Sai dai mutanen ƙauye da ba su da takardar haihuwa, rana guda ake rubuta musu duka: ɗaya ga watan ɗaya. Wata Talata ta ci karo da Ladi Manu, wani ƙauye bayan Kurni, shekarar 1958, miji ya rasu. A layin ƙasa kuma ga Ladi Manu, ƙauyen dai, shekarar dai, miji ya rasu. Ta danna ordinata, wato kwamfuta, layi ɗaya ya ɓace. Ko minti ɗaya abin bai ɗauke ta ba.

Da damina ta sauka, rumbuna suka ƙare, aka fara rabon hatsi a harabar buron. Basira tana ciki tana aiki, sai ta jiyo muryar wata tsohuwa ta taga tana magana da mai rabon.

"Ɗan nan, ba ni na karɓa ba. Waccan Ladin ce."

"Inna, ga yatsanki nan a takarda," in ji mai rabon.

"Ba yatsana ba ne."

Sau uku ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba. Basira ta ji sarai. Ta ɗauka irin masu neman kashi biyu ce, ta ci gaba da aikinta. Har yau in ta zauna kusa da tagar nan tana jin muryar, a hankali, kamar mai neman gafara. Ta sa an juya teburinta, bai hana ba.

Sai da gero ya fara fitar da kai, ana ɗaure tsofaffin dosiyen takardun mutane za a ajiye, ta ga fotuna biyu manne da suna ɗaya. Ɗaya tana da zane a kumatu, ɗayar ba ta da shi. Mutum ce ta goge, tsohuwa mai ciki da baki, tun wata uku. Da ta kai wa Hamisu maganar, ya ce ta bari sai Litinin. Ta ƙi. Ta tsaya a kansa har ya buga tampo a takardar mayar da sunan, ta hau kabu-kabu ta nufi ƙauyen.

Ta iske mai zanen kumatun a tsakar gida tana yankan kuɓewa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ta faɗi abin da ta yi ba tare da kwana-kwana ba.

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe ke ce. Ni na ɗauka wani ƙaton namiji ne."

"Inna, ki yafe mini. Ga takarda, sunanki ya koma."

"Danga ɗaya ce tsakanina da ita, tun muna amare," in ji tsohuwar, wuƙar tana hannunta. "Da na dawo hannu wofi, ta kira ni ta kwance buhun, ta raba da tiya, rabi nata rabi nawa. Ga jikoki huɗu a ɗakinta. Nata rabin su take dafa wa, ita ta ci tafasa ta ce ta ƙoshi. Na ce ta karɓi nawa, ta yi fushi da ni kwana biyu."

"Tana ina? Ina so in gan ta."

"Yau kwana goma sha biyu da kai ta makwancinta."

Kunya da tsoro suka rufe Basira, takardar tana hannunta. Tsohuwar ta jawo wata kuɓewar daga ƙwarya.

"Mayar da takardarki jaka, 'yar nan. Kin ce Ladi Manu ɗaya ce a garin nan. To, yanzu ɗaya ce."