Dutsen da Na Ara

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar watan takwas, shekarar da na gama aji biyu a lakkwal, makarantar boko, na ga mahaifina yana share ƙasa da takalminsa. Hantsi ya ɗaga, an yi ruwa da asuba, ƙasar ƙofar gidanmu ta yi laushi har duk wanda ya taka sai ya bar sawu. Baba ya taho a guje daga gona da hauya a kafaɗa, domin an ƙwala masa kira cewa naƙuda ta kama Inna. Ya iso ƙarƙashin bagaruwar da yake ajiye motarsa, ya tarar babu mota. Sawun taya biyu kawai ya gani sun miƙe sun gangara, da wani guntun tubali da ya rugurguje, da sawun ƙananan ƙafafu kewaye da shi. Ya sunkuya ya daɗe yana duban sawun nan. Sai ya miƙe, ya waiwaya dama da hagu, ya sa takalmi ya share su ɗaya bayan ɗaya. Ina bayan rumbu a tsugune ina kallonsa, da dutsen da ake tokare tayar motar a kan cinyata.

Ƙauyenmu yana jingine da tudu tsakanin Deule da Buza, kuma a lokacin motar Baba ce kaɗai motar garin. Farar bashe ce ƙirar Japan, irin mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaura wa tamfol. Ya saye ta bayan shekarun da ya yi yana zuwa bida, wato neman kuɗi, a Abijan, ta riga ta bi hannaye da yawa kafin ta zo nasa, har ba a iya karanta rubutun bayanta. Mu dai 'Yar Japan muke ce mata, shi kuma aka daina ce masa Abdu na Malam aka koma Abdu Mai Bashe. Ranar kasuwar Madawa tana ɗaukar buhunan albasa, a ɗora awaki a kan buhuna, a ɗora mutane a kan abin da ya rage, ta tafi tana nishi amma ta kai. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa, ta ɗauki alhazai zuwa bakin kwalta. Idan ta dawo da yamma, mu yara mukan tare ta tun daga rijiya muna tsalle, ni kuwa ina gaba ina hura hanci, ina zaɓen wanda zai taɓa ƙofa da wanda ba zai taɓa ba. Ban yi mulki da adalci ba, na sani.

Baba yana da labari guda a kanta wanda ba ya gajiya da bayarwa. Wani makanike a Madawa ne ya gaya masa cewa mutanen da suka ƙera ta masaƙa ne tun asali, injin saƙa suka fara yi kafin su koma mota, kuma an taɓa ƙone ƙasarsu da yaƙi suka tashi daga toka. Wannan ya ishe shi hujja. Yakan buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Aikin masaƙi na. Masaƙi ba shi barin zare sake." Da na tambayi Mushe, malaminmu, ina Japan take, ya ɗauko taswirar da ɓeraye suka ci gefenta ya nuna mini wasu 'yan tsibirai can ƙarshen takarda. Na koma gida na ce wa Baba ƙasar ba ta kai tafin hannuna ba. Ya ce barkono ma ai ba shi da girma.

Amma tsufa ba ya tambayar ƙira. Batirinta ya daɗe da mutuwa, birkin hannu ya tsinke tun kafin a yaye ni, giya kuma takan fita da kanta idan ta ga dama. Baba bai ɗauki wannan a matsayin ciwo ba, dabara ya yi masa, kamar yadda duk direbobin yankinmu suke yi. Yakan ajiye ta a kan tudu hancinta na kallon gangara, ya tokare tayar gaba da dutse. Da safe sai ya shiga, wani ya janye dutsen, ta gangara a hankali ba ƙara, ya saki ƙafa, ta yi tari biyu ta kama. Gangarar nan ita ce makullinta. A ƙasan gangarar kuwa ƙorama ce mai yashi, wadda ta zagaya ta sake tare hanyar Madawa a gaba. Aikina a lokacin shi ne in ɗebo ruwa a rijiya in cika mata tulun ruwan injin da ke gaba kafin in share tsakar gida in kai wa tumaki harawa. Dutse ba aikina ba ne, Baba da kansa yake sa shi.

A damanar nan Inna tana da tsohon ciki. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya daka, ni da Gwaggo Tsahara, yayar Baba, muke yi. Unguwarzoma ta duba ta ta ce wannan cikin na likita ne, kada a yi wasa. Saboda haka Baba ya ƙi zuwa kasuwa har biyu a jere. Ya cika tanki, ya shimfiɗa tabarma da bargo a baya, ya ajiye motar tana jira, ya koma noman gonar da ke kusa da gida yadda kira ɗaya zai same shi. Duk wanda ya zo neman a kai masa kaya sai ya ce, "Sai Hajo ta sauka lahiya." Hajo sunan Inna ke nan.

Ni kuwa abin da ke raina ƙwallon aduwa ne. Mun tara su tun rani ni da ƙawayena, muna fasawa a bayan rumbuna a dafa mana ƙwayar. A ƙasar Adar dutse ya fi hatsi yawa, ko ina ka jefa ƙafa sai ka yi tuntuɓe, amma yawancinsu jajaye ne masu gautsi, ka buga su fashe kafin ƙwallon ya fashe. Dutsen Baba daban yake. Baƙi ne, sumul, daga wani wuri ya zo da shi, kuma taya ta ci masa ɗan gurbi a tsakiya daidai zaman ƙwallo. Na daɗe ina sha'awarsa. Safiyar nan kowa ya tafi gona, gari ya yi tsit. Na ce aro zan yi in mayar kafin azahar. Kuma don kada a ce ba ni da hankali, na nemo guntun tubali daga katangar da ruwa ya kayar, girmansa ɗaya da dutsen, na tura shi ƙarƙashin taya, na zauna a ƙasa na dinga dukan dutsen da dugadugai har ya fita. Motar ta ɗan motsa ta zauna a kan tubalin. Har daɗi na ji, na ga na yi wayo. Ban san tubalin ya sha ruwa har cikinsa ba.

Ban ji tafiyarta ba. Motar da ba a tayar ba ba ta da murya, kuma muna can muna buge-buge muna waƙa. Sai da na ji Gwaggo tana ƙwala wa Baba kira na leƙo, na ga abin da na faɗa a farko. Ƙawayena suka watse. Mutane suka fara zuwa daga gonaki, aka hango 'Yar Japan can ƙasa ta kafa hanci cikin jiƙaƙƙen yashi, tayoyin gaba sun nutse. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya iso yana haki ya ce, "Wa yac cire dutse?" Baba bai ko dubi wajen rumbu ba. Ya ce, "Ba wanda yac cire. Ni nim mance ban sa shi ba."

Abin da ya biyo baya ina ganinsa har yau kamar jiya. Aka kawo shanun noma, aka haɗa igiyoyin rijiya, maza suka tuɓe riguna suka shiga yashi suna haƙa da hannu da hauya. Igiya ta tsinke sau biyu. Fitar da ita daga yashin ma bai isa ba, sai an ja ta an hau da ita tudu don ta sami gangarar da za ta tashi. Daga cikin gida ana jin muryar Inna, da farko da ƙarfi, daga baya a hankali, kuma wannan ya fi tsorata ni. Gwaggo ta fito da zane a dunƙule ta wuce bayan gida tana ɓoye shi, amma na ga jini. Rana ta karkata kafin motar ta yi tarinta ta kama. Aka fito da Inna a kan tabarma. Da za a wuce da ita ta gan ni a jikin danga, ta ce, "Zali, ki rufe kaji in marece ya yi." Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Da hantsi ƙoramar hanyar Madawa ba ta kai idon sawu ba. Kafin su isa, ruwan da aka yi a kan duwatsu ya sauko ya cika ta, suka tsaya a baki suna jira ya janye. Sun shiga Madawa ana kiran magariba. Likitoci suka ciro jaririya da rai, Inna kuwa jininta ya riga ya ƙare. Washegari 'Yar Japan ta dawo da ita a kan tabarmar nan da bargon nan, Gwaggo na gaba riƙe da jaririya. Aka sa wa yarinyar sunan Inna, muke kiranta Inna Ƙarama.

Gari ba ya mantuwa da mai mantuwa. Aka daina cewa Abdu Mai Bashe, aka koma Abdu Mantau, a bayan idonsa da farko, daga baya har a gabansa. Kawu Sale ya yi shekara bakwai bai ba shi hannu ba, ko ranar salla. Mata a bakin rijiya sukan ce mutum ya zauna sati biyu yana gadin mota ya kasa sa dutse guda, sai su gan ni su yi shiru don tausayin marainiya. Tausayin nan ya fi duka ciwo. Ni na ɓoye dutsen a ƙarƙashin rumbu har aka yi sadakar arba'in, sannan wata safiya na ɗauko shi na ajiye a gindin bagaruwa na gudu. Da yamma Baba ya dawo daga kasuwa ya gan shi. Ya kira ni, ya ajiye ƙafa a kan birki, ya ce, "Zali, daga yau ke ka sa dutse." Na sa. Ya sauko bai duba ba, ya shige gida. Shekara shida ina sa dutsen nan, bai taɓa sunkuyawa ya duba ba ko sau ɗaya.

Na yi ta shirin faɗa masa. Na shirya ranar da na ci jarrabawa za ni kwaleji, na shirya ranar aurena, kullum sai in fasa. Sai da ya tsufa, idonsa ya yi hazo, motar ta zama gawa a bayan gida kaji suna ƙwai a mazaunin direba, sannan na zauna kusa da tabarmarsa wata la'asar na ce, "Baba, ni nic cire dutsen." Sai ya ce, "Na san sawunki tun kina rarrahe." Na fara kuka, ya ɗaga hannu. "Saurara, ɗiyata. Ke kina da shekara takwas. Ni ina da arba'in, na san ba batir, na san ba birki, kasuwa nawa nit tahi Madawa ina cewa sai wani sati. Wanda yaj jingina ran matatai ga dutse guda, shi yam mance. Ban yi ƙarya ba rannan." Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu a damanar da ta biyo.

Yanzu ina koyarwa a Madawa, ina da 'yar ƙaramar mota ta hannu, ita ma ƙirar Japan, wadda ake murɗa makulli ta tashi ko a cikin rami. A ƙauyenmu babura sun fi jakuna yawa, kowa da salula a aljihu, mace na fara naƙuda an kira mota uku. Yaran yanzu ba sa tare mota a bakin rijiya, ba su ma ɗaga kai. Wani lokaci nakan yi kewar tarin nan biyu na safiya, da tafin hannun Baba a bayan ƙarfe yana yabon masaƙan da bai taɓa gani ba. Dutsen yana cikin motata. Ƙofar gidana shimfiɗe take kamar faifai, birkina lafiya lau, amma ba na iya shiga gida sai na tokare taya, maƙwabta har dariya suke yi mini. Inna Ƙarama tana da 'ya'ya huɗu yanzu, har gobe ta san Baba ne ya mance, kuma ta iya karatu. Na san wannan labari zai kai hannunta, shi ya sa na rubuta.

Aro na ce zan yi in mayar kafin azahar, ga shi har yau ban gama mayarwa ba.