Yadda Jumai Ta Samo Wa Ashafa Aikin Shanya

Shekara ashirin da bakwai Jumai ta yi tana share ɗakin masu taɓin hankali a wani asibiti a Lafiya. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ta san wanda ya haɗiye ƙwayarsa da wanda ya ɓoye ta a ƙarƙashin harshe. Da ta yi ritaya aka ba ta fanka da takardar yabo. Fankar ta mutu a wata uku, takardar ce take fifita da ita har yau.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, mutum ya samu sauƙi a sallame shi, ya koma gida a ajiye shi kamar tsagaggiyar tukunya, ba a yar ba, ba a girki da ita. Wata shida sai ga shi an dawo da shi. Sai ta ɗora wa kanta nema musu aiki. Wata ta kai ta ɓarar agushi, wani wankin keke napep. Har ta kai masu shaguna da sun hango mayafinta sai su tuna ba su yi alwala ba.

Ashafa ne ya fi ba ta wahala. Shekararsa arba'in da ɗaya, ciwon kuma tun yana saurayi. Yana jin muryoyi. Allurar da ake masa duk wata ta rage musu ƙarfi, amma ta bar shi da ƙafafun da ba sa zama. Tun safe yake jan ƙafa daga ƙofar gida zuwa bakin titi, ya juyo, ya koma. Yayyensa suka gaji da surutun unguwa, suka ce ƙarshen wata za su kai shi wurin wani mai magani a ƙauye can bayan Obi, inda ake sa wa mutum mari a ƙafa. Jumai ta sha ganin ƙafafun da suka dawo daga irin wuraren nan. Ta roƙi a ba ta mako biyu.

Tana zaune tana kallon jan ƙafar nan sai ta tuna da injin shinkafar Torkula. A can, in an turara shinkafa sai a baza ta a kan siminti, wani ya shiga ba takalmi yana jan ƙafa yana tsaga layi, ta ƙasa ta dawo sama, tun hantsi har la'asar. Samari ba sa wuce kwana uku, sai su gudu acaɓa.

Torkula Tibi ne, mai tumbi da yawan cika baki. Da Jumai ta je masa da maganar Ashafa, bai bari ta gama ba.

"Mama, a cikin shinkafar mutane? A'a. Irinsu ni daga nesa nake gane su. Ido kawai."

"Ashe likita ne kai, Oga, aka bar ka da buhu," in ji Jumai. Ta ɗaga murya don matan da ke sheƙa a gefe su ji. "To ranar Asabar zan kawo maka mutum biyu. Ɗaya yana karɓar allura, ɗaya lafiyarsa ƙalau. Su yi maka aiki zuwa azahar. Ka kori mara lafiyar, wanda ka bari kuma ya zama ɗan aikinka."

Torkula ya dubi matan, ya ga sun ajiye fayafayansu suna saurare. Ya bugi ƙirji ya ce ya yarda.

Mutum na biyu bai ba ta wuya ba. Muhyiddin ne, mijin 'yarta Zuhra, ma'aikacin ofis wanda rabonsa da taka ƙasa ba takalmi tun yana firamare, kullum da ɗan abin waya a maƙale a kunne. Ta ce masa kawai ya zo ranar Asabar ya taya wani bawan Allah aikin rabin yini. Wa ya isa ya ce wa uwar matarsa a'a? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ashafa kuwa ta gaya masa komai. Ya ce, "Inna, ni fa ba zan yi ƙarya ba. In ya tambaye ni zan faɗa."

"Ba zai tambaya ba. Ya riga ya ce idonsa ya ishe shi."

Ranar Asabar Jumai ta samu inuwar mangwaro ta zauna. Ashafa ya tuɓe silifa ya shiga shanya, ya kama abin da yake yi kyauta a ƙofar gida shekara da shekaru. Ya je, ya juyo, ya koma, layi na bin layi kamar an ja da zare. Muhyiddin kuwa da siminti ya ɗauki zafi sai ya fara tsalle ƙafa ɗaya-ɗaya. Aka kira shi daga ofis, ya shiga faɗa da iska yana wurga hannu, yana rantsuwa shi bai ga fayil ɗin kowa ba. Ya bi kaza da gudu har ya zame. Duk sanda suka haɗa ido da surukarsa kuma, sai ya daskare, ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai.

Ko azahar ba ta yi ba Torkula ya zo wurin Jumai da fuskar tausayi. Ya nuna Muhyiddin da haɓa.

"Mama, nasa ya yi nisa. A kai shi gida ya huta." Har ya sa aka auno mudun shinkafa, wai a dafa wa mara lafiya.

Jumai ta karɓa ta yi godiya. Sai ga Ashafa ya fito daga shanya, ya zaro katin asibiti daga aljihu ya miƙa.

"Oga, ni ne."

Matan sheƙa suka kwashe da dariya, wata har da zama a ƙasa. Torkula bai yi dariya ba. Ya dubi katin, ya dubi Ashafa, ya daɗe yana kallon layukan da ke kan siminti. Jumai dai ta san namiji in ya ji kunya a gaban mata yana iya haɗiye alkawarinsa.

Ashafa ya ce, "Larabar farkon wata ba zan zo ba, ranar allura ce. Wata rana za ka ji ina magana ni kaɗai, ka ƙyale ni, ba da kai nake ba. In ka ga na kwana biyu ba na cin abinci, ka aika a kira Inna."

Torkula ya share zufa. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To wancan fa?"

"Surukina ne," in ji Jumai. "Nasa ba a samo allurarsa ba tukuna."

Yau shekara biyu ke nan Ashafa na juya shinkafar Torkula, maganar ƙauyen bayan Obi kuma ta mutu. Sau ɗaya ciwon ya tashi, ya yi mako uku a asibiti. Torkula ya ƙi ɗaukar kowa a gurbinsa, shi da tumbinsa suka shiga shanya, yana yi yana zagin siminti da yarensu. Muhyiddin ya ci rabonsa na mudun nan, ya ce shinkafar ta bushe da kyau. Amma duk ranar Asabar wayarsa a kashe take.