Shatar Mota a Magarya

Ban taɓa taka ƙasar waje ba sai shekarar da zan yaye 'yata ta fari. A wajenmu, tsakanin Kura da Bunkure, gidan kaka ake kai yaro yaye. Tawa uwar ta rasu tun ina budurwa, uwar maigidana kuwa tana can Nijar, a wani ƙauye gaba da Magarya. Shi cin rani ya kawo shi gonakin ruwa, ya ga tumatir yana yi, ya zauna.

Tafiyar ta faɗo a mummunan lokaci. Tumatir ɗinmu ya fara ja, kuma ruwan kwatar ban ruwa ba ya jiran kowa, ranar da aka sako wa layinku in ba ka nan, sai ka ga na maƙwabci ya sha naka yana kallo. Tun daga Kano Malam yake maganar ban ruwa. Ni kuwa yarinyar ce a cinyata, ina ta ƙirga 'yan haƙoranta da ido.

Mun tsallake iyaka lafiya, muka sauka tashar Magarya da hantsi. A nan aka ce mana hanya biyu ce. Akwai a-kori-kura da ke shiga ƙauyen ranar kasuwarsu kawai, ranar kuwa ita ce, amma wanda ya bi ta ba zai fito ba sai kasuwa ta zagayo. Ko kuma mu ɗauki shatar ƙaramar mota, ta kai mu, ta jira mu gaisa, ta dawo da mu kafin magariba.

Malam ya ce, "Ai magana ta ƙare. Shata za mu ɗauka."

Shata tana nufin a yinin nan zan miƙa yarinyar in juyo. A-kori-kura tana nufin sauran kwanaki ina jin muryarta. Amma da wane baki zan faɗa? 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na kira, in ana wasa da ita a gaban mutane kau da kai nake yi. Mace ta ce ba ta iya rabuwa da 'yar fari? Sai a kai labarin har Kura.

Sai na koma kan motar shatar. Na zagaya ta, na ce, "Malam, dubi tayar nan, ta sha hanya. In ta tsaya da mu cikin rairayin nan mu kaɗai, wa zai gan mu? Ƙasar mutane ce fa."

Direban wani dogo ne mai rawani, yana jingine yana shan shayi. Ya yi dariya ya ce, "Uwar ɗiya, ke kanikiya ce a Kano?"

"Ni dai ina da ido."

"To idon ya duba waccan," ya nuna a-kori-kurar da baki. An loda mata buhuna, awaki a sama, mutane a saman awaki. "Tawa mai taya huɗu kike tsoro, za ki hau wadda addu'a ke riƙe da ita?"

Malam ya dube ni, ya daɗe. Ina jin ya gane, don muryarsa ta sauka. Ya ce, "Ke, in babbar kike so, mu bi ta. Tumatir Allah ya tsare." Ya tafi neman ruwan alwala ya bar ni da zaɓin. Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na samu inuwar wata rumfa na zauna. Tun da asuba da na ba ta nono na ce wa kaina wannan shi ne shanta na ƙarshe. Ina cikin tunani, ban san lokacin da ta ja wuyan rigata ba, ban san lokacin da na gyara mata zama ba. Sai kawai na duba na gan ta tana sha, hannunta ɗaya yana wasa da ɗankunnena. Ko yini guda alkawarin bai yi ba. To ina ga kwanaki, tana kuka a ɗakin kakarta, ni ina bayan zana nono ya cika? Na san kaina. Zan lallaɓa in ba ta, gobe a sake sabon kuka, tsohuwa ta yi ta wahala a banza, yarinya ta yi ta rabuwa da ni kullum maimakon sau ɗaya.

Da Malam ya dawo na ce, "A ɗauki shatar."

Abu ɗaya na roƙi direban: kada ya kai mu ƙofar gida, ya tsaya nesa da gari, don yarinyar ta san ƙarar mota, tana ji take waiwaye. Bai tsokane ni ba wannan karon. Ya ce, "To, uwar ɗiya."

Haka aka yi. Kakarta ta karɓe ta da guɗa, ta goya ta, ta dama mata fura. Muka ci abinci, muka yi la'asar. Da aka zagaya da ita bayan gida kallon 'yan tumaki, tsohuwa ta yi mini alama da hannu. Na ɗauki mayafina na fita, rairayi yana cika mini takalmi, har gindin bishiyar da motar take jiranmu.