Rumfunan da Abokina Ya Kawo

Na yi aure a shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, siyasa ta dawo. Lokacin ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a gidanmu na gado a Kabara. Duk wanda ya ji a fili zan yi walima sai ya yi mamaki, don a unguwarmu tabarmi ake shimfiɗawa a zaure da ƙofar gida, a ci abinci, a yi addu'a, a watse. Amma ina da dalilina.

Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ba sa magana tun siyasar da ta gabata. Kowa da jam'iyyarsa, musu ya kai ga baƙar magana a gaban mutane, Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Jakara, ya rantse ba zai sake taka zauren Baba ba. Jam'iyyun sun daɗe da mutuwa, gabar tana nan. Ni kuwa ban daina zuwa gaishe shi a shagonsa na turare ba. Sai na yi tunanin ai fili ba zauren kowa ba ne, rantsuwarsa ba ta shafe shi ba.

Wanda ya kai ni Jakara a kan babur ɗinsa shi ne aminina tun makarantar allo, shi ne kuma babban abokin ango. A gabansa na roƙi Baffa ya zo walimar.

"Ba a gidan babanka ba?" in ji Baffa.

"A'a, Baffa. Filin bayan makaranta ne, inda yara ke ƙwallo."

"Babu kiɗa, babu maroƙi?"

"Abinci da addu'a kawai."

Ya daɗe yana goge wata kwalba da gefen rigarsa, sannan ya ce, "To, zan zo. Don kai."

Na dawo na gaya wa Baba. Washegari Inna ta raɗa mini cewa ya ba da babbar rigarsa a kai wajen masu bugu.

A lokacin abokin nan nawa yana neman jam'iyya ta tsayar da shi takarar kansila, jam'iyyar da mutane ke cewa ita ta gaji tsohuwar ta Baba. Na san da haka, kuma na ja masa kunne kada ya kawo mini siyasa wajen walima. Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Haba ango, ni da kai? Ka bar mini rumfa da kujeru da lasifikar da liman zai yi addu'a. Kai ka ji da tukwane."

Tare muka tsara komai. Muka riƙa zuwa filin da yamma don mu ga inda inuwar dalbejiya ke faɗuwa bayan la'asar. Muka cike ramuka da ƙasa, muka tsince ƙaya da gwangwanaye. Shi ya ce a yayyafa ruwa tun azahar don ƙasa ta kwanta. Shi ya ba da shawarar a sa kujerar liman a tsakiya, Baba a dama, Baffa a hagu, don in an shafa addu'a dole su miƙa wa juna hannu. Har na ce masa ban san yadda zan yi ba da babu shi. A cikin gida kuwa mata suna ta jiƙa shinkafar waina, ana dafa zoɓo a manyan tukwane.

Aka ɗaura aure da safe lafiya. Bayan la'asar na taho da 'yan uwa, muna cikin lungu na fara jin kalangu. Na ɗauka wani gida ne ake biki. Muna fitowa sarari sai ga rumfunan, kowacce a daidai inda muka tsara, amma kowane ƙarfe an manna masa hoton abokina, tutocin jam'iyya suna kaɗawa a sama. Kujerun da na tanadar wa malamaina da dattawan unguwa samari sun cike su, ban san fuskar ko ɗaya ba. A gaba ga wasu manya uku da jajayen huluna, ga maroƙi riƙe da lasifikar liman. Baba yana zaune a kujerarsa, ya sunkuyar da kai.

Ban gama gane abin da nake gani ba sai ga Baffa ya shigo da 'ya'yansa biyu, cikin farar riga, ƙamshinsa yana gabansa. Na ga Baba ya ɗago, ya dafa hannun kujera zai tashi. A daidai nan maroƙi ya ɗaga murya.

"Ga Alhaji mai turare na Jakara! Yau ya gane gaskiya, ya biyo yayansa, ya shigo tafiya!"

Samari suka ɗau tafi da ihu. Baffa ya tsaya cik. Ya dubi tutocin, ya dubi Baba, sannan ya nemo ni da ido.

"Don wannan ka kira ni?"

"Wallahi Baffa ban sani ba."

"Koma wajen baƙinka," ya ce, ya juya. Na bi shi har bakin titi ina rantsuwa, bai waiwayo ba. Kafin in dawo Baba ma ya tafi, liman ya bi shi. Ba a yi addu'ar ba. Abincin da Inna da ƙannenta suka yini suna dafawa, samarin nan suka cinye shi.

Na sami abokina a bayan rumfa yana raba musu zoɓo, cikin sabuwar shadda.

"Wa ya gaya wa maroƙi labarin Baffa?"

"Ango, ka kwantar da hankalinka. Manya ne suka zo su ga ko ina da jama'a. In suka ga tsohon ɗan adawa irin Baffa a rumfata, magana ta ƙare. Kuma dubi yadda na cika maka fili."

Ko kunya babu a idonsa. Na riƙa kallon bakinsa yana motsi.

Na yi ta sintiri Jakara kafin Baffa ya yarda ya saurare ni. Daga baya ya ce ya gaskata ni, amma kada in sake tayar masa da zancen. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya daina tambayata lafiyar ƙanensa in na dawo. Ba su sake haɗuwa ba sai ranar jana'izar Baba, Baffa ya tsaya a sahun ƙarshe yana kuka.

Abokina ya sami takarar, ya kuma ci zaɓe. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya yi mini sallama da fara'a kamar jiya muka rabu. Ina amsawa, tunda wajibi ne, in ɗauki takalmana in wuce.