Goron da Kawu Ya Sayo

Ina aure a Bawku aka aiko cewa jikin Inna ya tashi. Na bar 'ya'yana biyu wurin uwar mijina, na hau mota zuwa Salaga.

Shekarun baya an yi mata aiki a hanji, aka ce ciwon daji ne, an yanke. Yanzu kuma ba cikin take kuka da shi ba. Kai ke sara mata, ludayi na suɓucewa daga hannunta na hagu, wani lokacin ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu. Matan zango, unguwarmu ta Hausawa, suka ce sammu ne. Wata maƙwabciya har ta ja ni gefe: "Mama naki, an yi mashi hannu ne." Suna zargin mai sayar da wake da shinkafa kusa da rumfar abincin Inna.

Ni kuwa Kawu na sa wa ido, ƙanen Inna, malami a Yendi. Shi ya kai ta asibiti a Tamale, shi kaɗai likita ya yi wa bayani, ya dawo ya ce a ci gaba da addu'a. Mutumin da ya hana ta goro da yaji tun bayan aikin, har yana bincika bakin zanenta, sai ga shi ya sayo farin goro yana ɓare mata da hannunsa. Ruwa ba ya tsami banza. Haushinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin.

A gidanmu ba a faɗin kwanakin mutum, wannan na Allah ne. Don haka ban tambaye shi kai tsaye ba. Na same shi yana alwala, na ce zan koma Bawku, in dawo bayan Sallah.

Ya ajiye butar. Sannan ya ce ciwon ne ya hau ƙwaƙwalwa, likita ya ce in ya kai can ba a cika daɗewa ba, watanni ne, wani ma ba ya kaiwa.

"Je ki ɗauko yaran yanzu, 'yata, tun tana gane fuska."

Na je na ɗauko su. Inna ta gane babbar, ta rungume ta. Ƙaramin kuwa ta shafa kansa, ta yi masa murmushi, ta juyo ta tambaye ni ɗan waye.