Surukin da Ya Ce Ya Ƙoshi

Shekarar da soja suka karɓi mulki ta same ni ina tela a kasuwar Gure, ba kuma da son raina ba. Mu makiyaya ne. A gida Fulatanci muke yi, a kasuwa Hausa. Na ɗan zauna a lakwal, wato makarantar boko, kafin mahaifina ya mayar da ni bayan shanu, ɗinki kuwa a hannun wani kawuna na koya ina yaro, ban taɓa zaton shi zai ciyar da ni ba. Fari ne ya zaunar da ni gaban keke. Shanuna sun ƙare a wani kwari arewa da Kelle, har da waɗanda matata ta zo da su daga gidan ubanta. Surukina ya ce mini in sayar tun suna iya tsayuwa, na ƙi, don ina ganin na fi shi sanin daji. Shi ya sayar da nasa, ya sayi awaki da gero. Ni fatu na kwaso.

Da muka shigo gari sai na ga ba ni da abin da zan ba ta ta sa a tukunya, in ban da jar dawar taimako, wadda ni kuma nake jin nauyin tsayawa layin karɓarta. Sai na ce ta je gidansu ta huta kwana biyu. Iyayenta sun kafa bukkoki a bayan gari, kusa da itatuwan goriba. Kwana biyu suka zama watanni. Ban sake ta ba, ban ɗauko ta ba. Daga ƙarshe surukina ya aiko ƙanensa ya gaya mini cewa da ruwan farko zai tashi da awakinsa ya koma wajen Alakos. Kafin nan, ko in zo in ɗauki matata, ko in sawwaƙe mata.

Duk Juma'a ina zuwa gaishe su. A wurinmu suruki ba ya cin abinci a gaban uban matarsa, wannan kowa ya sani. Amma ana kai maka ƙwarya wata bukka daban, a bar ka kai kaɗai ka ci, ba mai kallonka. Ni ko a can ba na taɓawa. So nake ƙwaryar ta koma a cike, a ce ai mijin yarinyar nan bai rasa komai ba. In surukina ya tambaya daga waje sai in ce, "Na ƙoshi, Baba, yanzu na tashi daga kan akushi." Alhali tun jiya rabona da abinci.

Wata Juma'a taubashina ya raka ni, ɗan gwaggota, mai safarar kanwa a kan jakuna. Tsakanina da shi akwai wasan da muka gada. Zai iya zagina a tsakiyar kasuwa, ya cire mini hula, ba ni da ikon yin fushi, in na yi ni za a ba rashin gaskiya. Aka kawo mana fura da nonon akuya. Ya shanye tasa, ya dubi tawa.

"Bawana, ba ka sha?"

"Na ƙoshi."

Daidai nan cikina ya yi ƙugi, har akuyar da ke ɗaure a bakin bukka ta ɗago kai.

"Wa ya yi sallama?" in ji shi. "Shigo mana, muna ciki!"

Ya jawo ƙwaryata ya shanye, ya goge baki da hannun rigata. Muka fito.

A lokacin malamin da ke riƙe da lakwal ɗin garin, wanda muke kira mushe, mutumin yamma ne mai kirki, ya tara samari suna shirya wani babban wasan kwaikwayo a kan fari. Ya daɗe yana rubuta shi. Akwai Yunwa a ciki, doguwa cikin farin yadi, akwai Rana da jar riga, akwai makiyayin da ya ƙi jin shawara. Ni na ɗinka kayan duka, kuma ina alfahari da su. An zana rijiya da matattun shanu a jikin wani babban ƙyalle, an ɗauko makaɗa daga Damagaram. Aka kewaye filin lakwal da zana, aka sa ɗan abin da za a biya a ƙofa, aka ce ranar kasuwa bayan la'asar.

Sanya kayan yana ɗaukar lokaci, don haka mushe ya ce taubashina, da yake bakinsa ba ya shiru, ya riƙe mutane da wani ɗan shirme kafin a fara. Ba a rubuta masa komai ba. Abin da ya nema tabarma ɗaya ce, da ƙwarya, da akuyar aro, da wani makaɗin kalangu na unguwarmu. Wata budurwa mai taimakon ungozoma a asibiti, wadda Hausarta ke da gurguntar mutanen yamma, ta yarda ta fito a matsayin yarinyar da ake nema a wasan.

Ina bayan zana ina ɗaure wa Yunwa ɗamara na ji dariya ta tashi. Na leƙa.

Taubashina ne ya shigo da tafiyata, kafaɗa ɗaya sama, hula a karkace yadda nake sa tawa. Wai saurayi ne ya zo gidan su budurwarsa, ba shi da ko kaza, amma yana ba da labarin garkensa da ke can wani kwari mai nisa. Aka ajiye masa fura. Ya ce ya ƙoshi. Sai kalangu ya yi ƙugi daga bayan tabarma. Ya yi tari don ya rufe, kalangu ya ƙara. Uban yarinyar ya ce ko hadari ne ya taso, ya fita duba gabas. Yarinyar ta faki ido ta jefa masa dunƙulen fura a aljihu, akuya ta ji ƙanshi ta bi shi, yana gaisuwa yana ture ta da ƙafa, tana cin gefen rigarsa. Mutane suna faɗuwa kan juna. Na ga wani tsoho ya riƙe ciki yana cewa a bari haka nan, zai mutu.

Can sai yarinyar ta zo ta zauna nesa kaɗan da shi, ta ture ƙwaryar gefe. Ta ce da wannan Hausar tata, "To, in ka ƙoshi ni ma na ƙoshi." Suka zauna kowa na kallon wani wuri. Kalangu ya yi ƙugi da babbar murya, sai ya amsa wa kansa da ƙaramar murya. Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba, ta yi gajarta. Saurayin ya miƙa hannu a hankali ya jawo ƙwaryar, ludayi ɗaya, suka riƙa miƙa wa juna. Shi ke nan wasan. Mata suka ɗauki guɗa.

Da Yunwa ta fito cikin farin yadin da na ɓata kwanaki ina ɗinkawa, sai mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Masu yara suka ce yara na tsoro. Kafin a kai tsakiya, ƴan lakwal ne kawai suka rage da ma'aikatan da ke zaune kan kujeru.

Ranar kasuwa ta gaba an cika filin tun kafin a buɗe ƙofa, kuma ba wanda ya tambayi babban wasan. Mutane suka riƙa zuwa daga Bune, daga Kelle, wasu a kamyo, babbar motar kaya, wasu a ƙafa. Wanda ya riga ya gani ya dawo da uwarsa. Zana ta faɗi sau da yawa don yara na hawa. Mushe bai yi fushi ba, mamaki ya yi. Ya zo rumfata ya zauna a kan benci yana juya hularsa.

"Tela, gaya mini. Kowa ya san yadda zai ƙare tun daga farko. Ba kaya, ba darasi. Me suke dawowa gani?"

Na ce masa jahilci ne kawai, mutanenmu ba su san abu mai daraja ba. Haka na ce, don raina a ɓace yake. Ya girgiza kai, ya ce shi ma ya kalla sau uku, kuma duk lokacin da yarinyar ta ture ƙwarya sai ya tuna matarsa da ya baro a garinsu.

Yanzu da na tsufa ina ganin na san amsar, ko wani ɓangare nata. Matattun shanun da muka zana a ƙyalle, kowa a filin nan ya ja nasa da igiya ya kai bayan gari, ba ya bukatar a nuna masa. Abin da ba a taɓa faɗa a fili ba shi ne kunyar da ta biyo baya. Rabin mazan da ke wurin sun taɓa cewa sun ƙoshi da ciki wayam. Da yawa matansu na gidan iyaye kamar tawa. Wasan ya ɗauki wannan abin da kowa ke ɓoyewa ya ajiye shi a kan tabarma, aka yi masa dariya tare, kuma a ƙarshe ba a kori saurayin ba. Sanin ƙarshen ma shi ke dawo da su. A shekarar da ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi, ga wuri ɗaya da ka tabbata za a sha furar nan kafin a tashi. Na san maza uku ko huɗu da suka je biko a makonnin nan, hannu wofi, kuma aka ba su matansu.

Ni ban ga haka ba a lokacin. Abin da na gani shi ne duk Gure ta san hular wane ce. In na ratsa kasuwa sai wani yaro ya yi ƙugin kalangu da baki. Na tare taubashina a wajen masu kanwa, na ce ya tozarta ni.

"Kai, bawana, wa ya kira sunanka? Ko kai kaɗai ke da ciki a garin nan?"

"Ka daina."

"In daina? Je ka ɗauko yarinyar mutane, gobe in sauya wasa. In yi na mai ƙoshi na gaske, in ga ko za a zo."

Mutane na dariya, ni kuma ba damar in ɗaga masa hannu. Sai na huce a kan waɗanda ba su yi mini komai ba, na daina zuwa gaisuwar Juma'a.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Wata rana da hantsi ina kan keke sai inuwa ta rufe mini ɗinki. Matata ce, ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rame. Ta tsuguna a gefen rumfa kamar mai kawo ɗinki, ta gaishe ni da Fulatanci don maƙwabta kada su ji.

"Na je na ga wasan," in ji ta.

"Kin ga yadda aka mai da ni abin dariya."

"Na ga an yi dariya. Ni ban yi ba. Baba ya fara kwance bukkoki. Na iya dafa jar dawa. In layin ne ba ka so, ni zan tsaya."

"Matata ba za ta tsaya layi ba. Ki jira kaka. In na sami ko karsana ɗaya ce, zan zo da kaina in ɗauke ki yadda ya kamata."

"Karsana na ce maka ina so?"

Na sa ƙafa a kan keke na ci gaba da ɗinki, wai don kada a ga ina shawara da mace a kasuwa. Ta daɗe a tsugune. Ina jin numfashinta duk da ƙarar keken. Da na ɗago, ta kai wajen masu tukwane, ba ta waiwayo ba.

Ruwa ya sauka a makon. Na ce bari ƙasa ta sha, gobe in je. Gobe na ce sai na gama rigar da ke hannuna. Ranar da na je, sun tashi, sai da'irar gurbin bukkoki a ƙasa da kashin awaki.

Har a nan da sauran dama, don Alakos ba bayan duniya ba ce, kuma taubashina ya ce zai ba ni jaki ya raka ni. Na ce sai kaka. Kaka ta zo, ban sami karsana ba, ɗinkin sallah ne kawai ya ɗan rufa mini asiri. Wanda ya zo shi ne ƙanen surukina, da wasu dattawa biyu. Suka zauna a bencin rumfata, aka gaisa, aka tambayi damina. Sannan ya ce, "Ɗana, ba faɗa muka zo yi ba. Yarinya ta jira iyakar jira. Ka sawwaƙe mata, Allah ya ba kowa rabonsa."

Na tambaya ko ita ta ce a zo. Ya ce ita ba ta ce komai ba, tun da suka tashi ba ta ƙara ambatona ba.

Ko a lokacin, da na ce a ba ni ita haka nan, ina jin da sun ba ni. Dattawan suna kallona kamar masu jiran in faɗa. Na dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin rumfa, na gyara zama, na furta saki ɗaya. Suka yi addu'a suka shafa, suka tashi.

Kafin iddarta ta cika ina da ikon mayar da ita da kalma guda, kuma na san haka. Ban aika ba. Da rani labari ya zo cewa ta auri wani mai raƙuma a can arewa. Taubashina ne ya kawo mini, ya faɗa a tsaye, bai kira ni bawansa ba, ya ja jakunansa ya wuce.