Ragon Meshak Ba Na Yanka Ba Ne

Ranar Talata, tara ga Agusta 1977, ina gonar citta aka zo aka ce mini Meshak ya rasu a Kafanchan. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Meshak, shekaru muka yi muna musu da kai. Ni ina sayen manyan ragunan arewa, kai kana tara gajerun tumakin da ba wanda zai kalla sau biyu. Damina na sauka, tsutsar ciki ta kama nawa: gudawa, kumburi a ƙarƙashin haɓa, sai mutuwa. Naka kuwa suna kiwo abinsu. Na ce asiri ne. Ka yi dariya, ka ja fatar idon wata tunkiya, ka ce, "Baba Tagwai, duba. Ja wur, tsutsa ba ta shanye jininta ba. Wannan ta zauna ta haihu. Mai farin ido kuma, kasuwa."

Haka ka yi ta zaɓe, damina bayan damina, har aka samu Gajere, ragon da tsutsa ba ta taɓa kayar da ɗansa ko ɗaya ba. Ba ka hana kowa shi ba. Daga Kwoi har Manchok mutane sun kawo tumakinsu barbara, har ruwan sha kake ba su. Ni ma da na gaji da binne nawa na kawo, ba ka tuna mini maganar asiri ba.

Jiya na ji ɗanka Leonard, da ya dawo daga Kaduna, yana cewa Gajere za a yanka wa masu zaman makoki, tunda shi baba ya fi so. Ban ga laifinsa ba, al'ada ce. Amma bai san kakar Gajere ita ce tunkiyar nan mai yagaggen kunne, wadda ita kaɗai ta tsira daga tsutsa a garkenka daminar shekarar sittin da biyar ba. Ni na sani.

Shi ya sa da safe na kwance Gajere na kai gidana, na ɗaure babban ragona a turkensa. A yanka nawa, ya fi nama. Wanda zai kira ni ɓarawo ya kira.

Ubangiji ya ji ƙanka, Meshak, ya ba ka hutawa a wurinsa. Mama Martina, Allah ya ba ki haƙuri, ke da yara duka. Leonard, ɗana, bayan an tashi makoki ka zo ka ja fatar idon ragon nan da hannunka. Aikin babanka yana ciki.